Wadda Ta Ƙona Kundi

Kabara, Kano
6 ga Muharram, 1424

Zuwa ga amaryata Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya karatu, ya zafin Maiduguri, ya mahaifiyarki Binta? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ta ƙi jin man zafi, da kunnen hagu da ya ajiye aiki bai yi sallama da kowa ba. Ƙanwata Hajiya Larai tana gaishe ki, ko da yake gaisuwar tata ba ta da gishiri, za ki ji dalili.

Takardarki ta iso hannun Ilu direba ranar Laraba. Sau uku na karanta ta. Na farko da tabarau, na biyu ba tabarau ko Allah zai sa ta fi fitowa, na uku na kai wa Haruna tela da ya taɓa sakandare. Kin ce a shekararku ta farko a jami'a ana koya muku kwamfuta, an ce kowa ya samo wani rubutu ya yi masa taifin, ya yi sikanin, ya yi sebin, sannan ya yi sabmitin. Yagana, wannan Hausa ce ko sunayen magungunan kyamis? Abin da muka tsinta ni da Haruna shi ne, kina roƙon in ara miki kundin salsalar gidanmu ki kwafe shi a cikin injin.

To ga shi nan na ba Ilu a cikin gafakarsa. Bari in tuna miki abin da kika riƙe. Goni Aisami ne ya fara rubuta shi, shekarar da ya baro Kukawa da jakai biyu na kanwa ya sauka a unguwar nan. Da takarda ta tsufa, ɗansa Goni Modu ya kwafe. Da wannan ta tsufa, mahaifina Malam Mustafa ya kwafe, shi ne wanda ke hannunki, babu wani a duniya. Shafi arba'in da ɗaya, duk wanda aka haifa daga tsatson Goni yana ciki, har kakanki ɗan wan ubana, har mahaifinki marigayi Bashir. A shafin ƙarshe akwai sunan mutum ukun nan da suka yi rubutun. Ni ya kamata in zama na huɗu. Shekara talatin ina cewa baɗi, har ido ya gaji da jira ya tafi abinsa.

Larai ta ce in na ba ki na yi hauka. Na ce yarinyar da ni na koya mata ajami a zauren nan lokacin hutu, ta fi 'ya'yan Larai sanin girman kundi. Kada ki ba ni kunya.

Kin san ranar Takutaha, sha tara ga Rabi'ul Awwal, da hantsi dangi ke cika zaure in karanta sunayen nan ɗaya bayan ɗaya a yi musu addu'a. Ba a taɓa fashi ba. Ya dawo kafin ranar. Sannan in za ki sake rubuto mini, kada in ga kalmar Turanci ko ɗaya. Duk abin da kika yi wa kundin, faɗa mini da Hausar da uwarki ta goya ki da ita. In kin kasa, na sake ki, in nemo wata amaryar a Ƙofar Mazugal.

Angonki tsoho,
Malam Kyari

*

Maiduguri
25 ga Muharram

Zuwa ga Kaka Kyari,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya gwiwa, ya kunne? Mama lafiyarta ƙalau tana gaishe ka. Maganar saki kuwa ba inda za ni, wa zai kwashi tsoho mai kunne ɗaya in ba ni ba?

Kundi ya iso lafiya, na gode, Allah ya ƙara girma. Ga bayani da Hausa zalla kamar yadda ka yi umarni, ka duba ko za ka kama ni da Turanci.

Ɗakin da muke koyon aikin mu sittin ne, injuna goma sha biyu, sai an yi layi. Satin farko ɓera ne ya ba ni wahala. Kowa da nasa ɓeran, ni kuwa nawa ba ya jin magana, in na ce ya yi dama sai ya yi hagu. Da na iya riƙe shi, sai ga shi ya bi kundin layi-layi tun daga Goni Aisami har ƙarshe. Inda na ga sunaye sun hau juna, na yanke su na liƙa a inda ya dace. Ana cikin haka ƙwayar cuta ta shiga ta cinye mini shafi tara, na yi kuka har na gode Allah, amma na haƙura na ci gaba.

Ranar Alhamis malaminmu ya ce duk wanda ya gama ya kawo a ƙona. Ni ce ta uku a layi. A gabana aka ƙona shi gaba ɗaya, minti huɗu kacal. Kaka, da ka ga yadda ya fito yana ƙyalli! Malam ya ɗaga shi ya nuna wa aji, ya ce nawa ya fi na kowa ƙonuwa da kyau.

Jarrabawa ta matso, ƙila ka ji ni shiru. A sa mu a addu'a.

Amaryarka,
Yagana

*

Kabara, Kano
3 ga Safar

Zuwa ga Yagana 'yar Bashir,

Sallama wajibi ce, shi ya sa na yi ta. Assalamu alaikum. Kin tambayi gwiwa. Gwiwa ta warke, don tun da na karanta takardarki na manta ina da ita.

Ina so in tabbatar ba tabarau ne ya yi mini ƙarya ba. Na ba ki kundi cikin gafaka. Kin kai shi ɗakin da mutum sittin ke kiwon ɓeraye, kowa da nasa. Kin kama naki da hannu kin ɗora shi a kan rubutun mahaifina, ya bi shi layi-layi. Kin sa almakashi kin yanke sunayen mutanen da ko takalminsu ba ki isa ki ɗauka ba. Cuta ta ci shafi tara. Abin da ya rage kuma kin bi layi, har kina alfahari ke ce ta uku, kin miƙa an cinna masa wuta. Minti huɗu. Abin da ya tsallake gobarar gidanmu ta zamanin ina yaro, wadda mahaifina ya shiga ɗaki rigarsa na ci ya fito da shi, shi kuka gama da shi a minti huɗu, har wani ƙato yana ɗagawa yana nuna wa aji.

Na kai wa Haruna tela, na ce karanta mini layin nan. Ya karanta, ya cire hularsa, ya ce, "Malam, ƙona dai ta rubuta, da ƙ mai lanƙwasa." Na ce ko a boko ƙona tana da wata ma'ana? Ya ce shi dai har ya bar aji uku ba a zo wurin ba.

Ke wace irin makaranta ce wannan? Mu da muka yi karatun allo, in rubutu ya gama aiki wanke shi ake yi a sha. Ku kuma naku malamin sai ya ga hayaƙi sannan ya ba da maki?

Ban gaya wa Larai ba tukuna. Ki rubuto mini a motar Ilu ta wannan satin. In akwai ko rabin shafi da wuta ba ta ci ba, ki naɗe shi ki aiko. In toka ce kaɗai, ita ma ki aiko, ta ubana ce.

Malam Kyari

*

Kabara, Kano
24 ga Safar

Yagana,

Salamu alaikum. Ba zan tambayi lafiyarki ba, mai lafiyar ƙona kundi ba ya rasa lafiyar riƙe biro.

Sati uku. Kullum bayan la'asar ina jan ƙafar nan zuwa bakin titi ko zan hangi motar Ilu. Shi ma ya ɓace, kamar kun haɗa baki.

Tun da kin zaɓi shiru, ga abin da ya faru. Ranar Juma'a Larai ta zo da lissafin masu dafa abincin Takutaha, ta ce in fito da kundi a shanya shi ya sha iska kamar kowace shekara. Na ce yana hanya. Ta ce wace hanya? Kin san Larai, in ta kafa wa mutum ido har abin da ya ci jiya sai ya faɗa. Na miƙa mata takardarki. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ninke ta ta yi a hankali, ta ce, "Yaya, ai ka ce ta fi 'ya'yana." Kafin magariba maganar ta kai Ƙofar Na'isa.

Washegari maza suka taru a zaure. A gabansu na karanta takardarki da bakina, na kuma ce da ni da ke babu sauran wasa, kuma duk ranar da Allah ya sa aka sake rubuta salsalar gidan nan, babu sunanki a ciki. Na faɗa, an shaida. Larai ta aika wa uwarki saƙo ta hannun wata mai zuwa sarin turaren wuta Maiduguri.

Na sayi takarda na zauna in rubuto shi da ka. Shekara talatin ina karanta shi, na ɗauka yana cikina kamar Fatiha. Ashe ido ne ke karantawa, kai yana barci. Na kawo 'ya'yan Goni Modu, na tsaya a na shida. Mace ce, na san sunanta ya fara da Fa. Falmata ce ko Fanna ce ko Fanta? Kwana huɗu ina zaune a kan baiwar Allahn nan. Ita da ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, sau ɗaya a shekara ake ambatonta a duniya, a bakina. Bana ba za a ambace ta ba. Wannan ne abin da kika ƙona, in ba ki sani ba.

Saura kwana ashirin da biyar.

Kyari

*

Maiduguri
6 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Malam Kyari,

Wa'alaikumus salam. Tun da an soke wasa, ni ma na soke. Ina fatan kana lafiya. Ni ba ni da ita.

Takardunka biyu jiya suka zo mini tare. Motar Ilu ta lalace a Potiskum, ta yi kusan wata a gareji da takardarka ta farko a cikin aljihun gabanta, ta biyun da ka ba wani direba ma a can ta tarar da shi. Amma saƙon Hajiya Larai bai lalace a hanya ba. Ranar da zan shiga jarrabawar kwamfutar ita kanta, Mama ta zo har ɗakin kwananmu, mayafi a karkace, ta tsaya a gaban ƙawayena tana kuka tana cewa na tozarta kabarin ubana. Sai da na jawo akwati na buɗe gafaka na ɗora mata kundin a cinya. Da jan ido na shiga jarrabawa.

Kundinka yana nan. Shafi arba'in da ɗaya. Ko ƙurar Maiduguri ban bari ta taɓa shi ba.

Ɓera wani ɗan abu ne na roba mai igiya kamar wutsiya, da shi ake nuna wuri a fuskar injin. Maus ake ce masa, ma'anarsa ke nan. Yanka da liƙawa a cikin injin ake yi, a kan abin da na buga da hannuna. Cutar ma injin ta kama, aikina na kwana shida ta ci, na sake bugawa. Ƙonawa kuwa, haka ake kiran zuba aiki a kan faifan sidi don kada ya ɓace. Bonin muke cewa. Da na rubuta bonin, da ka tambayi Haruna ku yi dariya ku wuce. Wa ya ce kada ya ga Turanci ko ɗaya? Wa ya ce zai sake ni?

Ba zan ɓoye ba, ina rubuta takardar ina dariya, na ɗauka za ka rubuto ka ce wace irin shiririta ce wannan. Wannan laifina ne, na karɓa. Amma ban taɓa zaton za ka yarda ni, ni da ka koya wa riƙe shafi ta gefe da hannu biyu, zan kai rubutun Malam Mustafa wuta ba. Ka tara maza a zaure ka cire ni daga gidan ubana a kan takarda ɗaya, ba ka ji ta bakina ba.

Tun da ana maganar ɓera, akwai na gaske. Shafi na sha huɗu, gefen ƙasa, an cinye sunaye uku, cin ya tsufa har bakinsa ya yi baƙi. Wannan ɓeran ba na roba ba ne, kuma ba ɗan jami'a ba ne, a adakarka ya yi karatu. Ban gaya wa kowa ba. A nawa bugun na bar gurbinsu fari.

Ta shida a 'ya'yan Goni Modu sunanta Fanna. Fanna Kaltum.

Ba zan ba Ilu kundi ba, kuma ni ba zan zo ba. Mama za ta kawo shi ranar sha bakwai, tare da bugaggen kwafi da faifan. Abu ɗaya nake nema: zauren da aka tara aka ɓata ni, a tara shi a wanke ni.

Yagana Bashir

*

Kabara, Kano
11 ga Rabi'ul Awwal

Yagana,

Salamu alaikum. Na karanta. Na yi sujada, gwiwar ta tuna da ni wajen tashi.

Amma kada ki ɗauka fushina ya sauka, wuri ya sake. Wane marar aikin yi ne ya zauna ya raɗa wa ajiya suna ƙonawa? Mutanen da suka ƙera injin da ke haddace littafi, suka rasa sunan da za su ba hannunsa sai ɓera, abokin gabar littafi tun farkon duniya? Ki gaya wa malaminku in ji ni, ilmin yana da kyau, masu raɗa sunan ne ba a yi musu tarbiyya ba. Ke kuma da kika san tsoho ne zai karanta, layi ɗaya na bayani zai karya miki hannu?

Maganar shafi na sha huɗu, ba a takarda za a yi ta ba.

Fanna Kaltum. Wallahi a bakina take.

Kyari

*

Kabara, Kano
21 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga amaryata Yagana, in har ba ta kai ni ƙara wajen alƙali ba,

Assalamu alaikum. Ya jarrabawa, ya gajiya? Uwarki ta iso lafiya, gobe za ta juyo, ita za ta ba ki wannan. Ta gaishe ni a tsaye, ni na jawo wa kaina.

Tun da kin ƙi zuwa, sai ki saurara. Shekaranjiya da hantsi, yara sun tafi hawan Dala, zaure ya cika har soro na biyu, mata suna ciki ta bayan labule. Na sa gafaka a gabana ban buɗe ba. Na ce, "Jama'a, kafin mu ambaci matattu akwai haƙƙin mai rai. A nan na tsaya na ce 'yar Bashir ta ƙona kundi. Ta ƙona shi, ga shi." Na ɗaga faifan. Sannan na buɗe gafaka na ce, "Ga shi kuma." Haruna tela ya yi salati har sau biyu. Na yi musu bayanin ɓeran roba gwargwadon abin da na gane. Na ce na yanke hukunci ban ji ta bakinki ba, na janye abin da na faɗa, kuma ina neman gafararki a gaban waɗanda suka ji na farko. Muryar Larai ta fito ta bayan labule: "Ai da ma ni na san yarinyar nan da hankali." Uwarki ta yi tari. Ni ban yi ba, na riƙe.

Da muka zo shafi na sha huɗu na tsaya. Shekara tara ke nan da ɓeran adakata ya yi wannan aiki, kowace Takutaha in na zo wurin sai in ɗan karkata kundin in karanto sunayen da ka, ba wanda ya sani. Bana na ɗaga shafin kowa ya gani. Larai ta leƙo da kanta har mayafi na zamewa. Abin da ta faɗa mini ba zan sa shi a takarda ba, amma ta fi ni iya fushi, kuma da Hausa zalla ta yi shi.

Ga sunayen, ki cike gurbin da kika bari tun kaina bai yi musu abin da ya yi wa Fanna Kaltum ba: Abba Gana, Ya Zara, da Mamman Shuwa wanda ya rasu a hanyar Makka. Ki buga su, ki sake kai wa malamin naku ya hura wutarsa.

Bugaggen kwafin kuwa akwai gyara. Injinku ba shi da ƙ da ɗ, ya mayar da Baƙo Bako, ya mayar da Ɗantani wani Dantani da ba mu san shi ba. Ki bi su da biro kafin masu sunan su zo mini a mafarki.

Bayan an watse na sa aka jiƙa tawada, na fere alƙalami, na buɗe shafin ƙarshe. Ido na gardama, layi ɗaya ya ci mini rabin sa'a. Ƙarƙashin Goni Aisami da Goni Modu da Malam Mustafa, a gurbin da na yi shekara talatin ina ajiye wa kaina, na rubuta: "Na huɗu, Yagana 'yar Bashir, wadda ta ƙona shi a shekara ta 1424."

Larai ta karanta ta ce, "Yaya, ka ƙara bayani mana. Jikoki in sun gani ai za su ɗauka da gaske wuta ta sa masa." Na ce ba zan ƙara ko ɗigo ba. Su ma su ɗanɗana abin da na ɗanɗana.

Angonki mai kunne ɗaya,
Malam Kyari